Wai da gaske an tayar da bakteriya mai shekara miliyan 25 daga cikin ƙaro?

Ɗan Funtuwa:
Salam 'yan gida. Don Allah masu kimiyya ku zo ku raba ni da wani abokina, tun jiya muke abu ɗaya. Wai a Amurka an fasa wani daskararren ƙaron itace da ya shekara miliyan 25 ko fiye, aka samu ƙudan zuma a ciki, aka ciro bakteriya daga hanjinsa aka ba ta abinci, ta farka ta ci gaba da hayayyafa abinta. Ni fa kaina ya ƙi ɗauka. Miliyan aka ce ba dubu ba. Ba ci ba sha ba numfashi, ta yaya?

Sarkin Gardama:
Hhhh kai ma dai. Su wadannan mutanen in sun ga ba mai binsu ya kirga sai su yi ta jera sifili. Waye yake wurin lokacin da kudan ya fada ciki balle ya rike kalanda?

Malamar Bayoloji:
Wa alaikumus salam. Labarin ba na teburin mai shayi ba ne, an buga shi a mujallar Science a 1995. Wanda ya yi aikin sunansa Raúl Cano, shi da Monica Borucki, a jami'ar Cal Poly da ke San Luis Obispo a jihar Kalifoniya. Ƙaron daga Jamhuriyar Dominika ya fito, wadda take tsibiri ɗaya da Haiti, a can ake tono shi a duwatsun arewacin birnin Santiago. Ƙudan kuma ba irin namu mai harbi ba ne, ƙarami ne mara harbi, irinsa ma ya ƙare a duniya, ana kiransa Proplebeia dominicana. Suka wanke bayan ƙaron da magungunan kashe ƙwayoyi, suka fasa shi a ɗakin da aka tace iskarsa, suka ɗebo abin da ke cikin cikin ƙudan suka zuba a ruwan abincin bakteriya, sai wani abu ya tsiro, da suka duba sai ga shi dangin Bacillus sphaericus ne. Su suka ce shekarunsa 25 zuwa 40 miliyan. Wannan shine abin da aka yi. Ko abin da ya tsiro ɗin tsoho ne da gaske, nan ne ake ta rigima har yau.

Baba na Kurmi:
To ni 'yata tsaya in tambaye ki kafin ku yi nisa. Wane ƙaro kuke nufi? Don mu da muke sayar da shi mun san ƙaro iri-iri ne. Ƙaron dakwara da ake kaiwa waje, wanda almajirai ke sa wa a tawada, in ka jefa shi a ruwa ka dawo anjima ya narke. Wannan ko damina ɗaya ba zai kai ba a ƙasa. Amma ƙaron maje da na hano da ake turare da su ruwa ba ya narkar da su yadda yake yi wa wancan, wuta ce ke cin su.

Malamar Bayoloji:
Ranka ya daɗe Baba, ai ka gama bayanin. Irin na majen ake nufi. Abin ma da zai ba ka sha'awa, itacen da ya zubar da ƙaron Dominika ɗin, Hymenaea protera, gida ɗaya suka fito da majenmu, dangin juna ne a lissafin masana tsirrai, kuma ɗan'uwansa mafi kusa da ke raye yana Gabashin Afirka, shi ne ke ba da ƙaron da aka riƙa fitarwa ta Zanzibar a da. Itacen in ya ji rauni yana tsiyayo da shi ya toshe ciwon, kuma akwai sinadarai a ciki da ke hana ƙwayoyi da naman gwari girma, to in ƙwaro ya maƙale ƙaron ya rufe shi ruf, iska ba ta shiga, ruwan jikinsa ya tsotse, shi yasa ba ya ruɓewa yadda aka saba. Daga nan sai ambaliya ta kwashe shi ta binne a laka, man da ke cikinsa mai ƙamshi ya fice a hankali, sauran ya yi ta sarƙewa da juna yana tauri da zafin ƙasa da nauyinta. Wanda bai gama nuna ba ana ce masa kofal, wanda ya kai miliyoyin shekaru shine amba, kahraman ɗin da ake carbi da shi.

Baba na Kurmi:
Allah ya yi miki albarka. Ashe carbin da muke ja ƙaro ne. To madalla.

Sarkin Gardama:
Ni ba a amsa min tawa ba. Waye ya kirga shekarun?

Injiniya Mai Dutse:
Ba ƙaron ake aunawa ba Sarki, ƙasar da aka same shi a ciki ake aunawa. In akwai tokar aman wuta a wurin akwai wani ɗan dutse zirkon da yuraniyom ɗin cikinsa ke komawa dalma a kan ƙa'ida sananniya, da haka aka gane amban Bama na kwarin Hukawng ya kai shekara miliyan 99. In babu toka sai a duba ƙananan halittun teku da suka daskare a shimfiɗar. Kuma tunda kana son gardama ga abin da zai maka daɗi, shekara ɗaya bayan aikin Cano, a 1996, Iturralde-Vinent da MacPhee suka sake lissafin amban Dominika suka ce 15 zuwa 20 miliyan ne, ba 40 ba. Ka ga su da kansu suke rage sifilin juna in hujja ta zo.

Sarkin Gardama:
Kun gani ko! Miliyan 20 sun bace a shekara daya

Injiniya Mai Dutse:
To ko 15 ɗin ne ai ba jiya ba ne malam

Ummu Yasir:
Ni tambayata Malama ita ce ta Ɗan Funtuwa, me take ci a ciki? Ko ƙudan take ci kaɗan-kaɗan?

Malamar Bayoloji:
Ba ta cin komai 'yar'uwa, kuma nan ne wurin da na fi so a karatun nan gaba ɗaya. Ba kowace bakteriya ce ke iya wannan ba, dangin Bacillus da Clostridium su suka shahara da shi. In abinci ya ƙare, ƙwayar sai ta kwafi DNA ɗinta, ta raba kanta gida biyu, babba da ƙarami, babban ya haɗiye ƙaramin ya yi ta lulluɓe shi da riguna, ta ciki mai kauri, ta waje mai tauri ta furotin, in ya gama sai uwar ta fashe ta mutu ta saki ɗan ƙunshin. Aikin kaman awa 8 yake ɗauka a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje. Ƙunshin nan shi muke ce wa sifo. A cikinsa an matse yawancin ruwan, an cika wurin da wani sinadari, asid na difikolinik haɗe da kalsiyom, wanda shi kaɗai yana kai kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin sifo ɗin in ya bushe, sannan wasu ƙananan furotin su bi DNA ɗin su naɗe shi su canza masa siffa yadda zafi da hasken rana ba za su yi masa illa da sauƙi ba. Duk injinan jiki an kashe su. Abin da aka bari kawai wasu 'yan masu gadi a jikin fatar ciki, da sun ji ɗanɗanon abinci, musamman wani amino asid alanin, sai su buɗe ƙofa ruwa ya shiga, cikin mintuna ta fara farkawa. Tun 1876 Ferdinand Cohn da Robert Koch suka bayyana wannan, ba sabon ilimi ba ne. Shi yasa a asibiti tafasa kaɗai ba ta isa kayan tiyata, sai an sa su a tukunyar tururi mai matsi, digiri 121, minti 15 aƙalla.

Ɗan Maraɗi:
Malama wagga magana taki kama da gaiwa ta. In tabki ya ƙahe ta shige laka ta yi ma kanta jikka, a tono ta da rani tana nan da rai, ruwa na sauka ta hito.

Malamar Bayoloji:
Ya yi kama ɗan'uwa amma akwai bambanci babba. Gaiwa tana numfashi ta ɗan ramin da ta bari, kuma jikinta take ci a hankali, wato fitilar ba a kashe ba, rage ta aka yi, shi yasa tana da iyaka, in fari ya yi tsawo da yawa za ta ƙare. Sifo fitilar a kashe take gaba ɗaya.

Yaron Lab:
Yauwa, nan nake jira a iso. Malama da girmamawa, wannan jimlar taki ta ƙarshe ita ce ke kashe maganar Cano. Abin da yake a kashe ba ya iya gyara kansa. Ni da ke a kowace rana DNA ɗinmu yana samun dubban raunuka amma akwai masu faci a cikin ƙwayoyinmu da ke bi suna gyarawa. Sifo ba ta da mai faci sai ta farka. To ita tana kwance, dutsen da ke kewaye da ita akwai yuraniyom da toriyom da fotasiyom masu fitar da tururin nukiliya ɗan kaɗan-kaɗan, ƙaro ba ya tare wannan, yau a karya nan, bayan shekara ɗari a karya can, kuma ba a gyarawa, ki tara wannan sau miliyan 20. Ranar da za ta farka littafin da za ta karanta ta gina kanta ya zama kyalle.

Sannan a 2012 Morten Allentoft da abokan aikinsa sun auna ƙasusuwa 158 na tsuntsun moa a New Zealand suka samu cewa duk shekara 521 rabin mahaɗan DNA ɗin suna tsinkewa. Suka yi lissafi ko a sanyin digiri 5 ƙasa da sifili ne, zuwa shekara miliyan 6.8 babu abin da zai rage. DNA mafi tsufa da aka yarda da shi shine na Kap København a arewacin Girinlan, shekara miliyan 2, a 2022 aka fitar, shi ma a daskararriyar ƙasa kuma guntu-guntu. Ita Dominika ƙasar zafi ce kaman mu.

Malamar Bayoloji:
Ɗalibi ka yi karatu, amma kar ka ɗauki awon ƙashi ka ɗora wa sifo. 521 ɗin nan na mataccen nama ne da ke cikin ƙasa mai danshi, ruwa shine babban mai tsinka DNA, ita kuwa sifo an ƙera ta ne musamman don hana wannan, ga bushewa ga furotin ɗin da suka naɗe shi, ga ƙaro ya ƙara busar da wurin. Ba su zama ɗaya ba. Maganar tururin nukiliya ita ce mai ƙarfi, wannan na yarda ba ta da amsa mai sauƙi.

Yaron Lab:
To mu bar ƙashi mu dawo ƙaron kansa. A 1993 shi Cano ɗin ya fitar da cewa ya ciro DNA daga wani ƙwaro a amban Lebanon mai shekara miliyan 120 zuwa 135, a daidai makon da aka saki fim ɗin Jurassic Park, duniya ta ɗauka. Daga baya da aka sake bin jerin DNA ɗin sai aka ga na naman gwari ne ya gurɓata aikin. A 1997 Jeremy Austin da mutanensa a gidan tarihin halittu na Landan suka zauna suka gwada ƙwari da dama daga amban Dominika, ciki har da irin ƙudan zuman nan, ba su samu DNA na ƙwaro ko ɗaya ba. A 2013 David Penney a Manchesta ya gwada ƙudan zuma biyu a kofal, ɗaya shekara kusan 10,600 ɗaya ma bai kai 60 ba, da injinan zamani, babu. Wanda aka yi nasara a 2020 ƙwari ne da suka yi shekara 2 da 6 kacal a ƙaro daga Madagaska. Wato ƙaro yana ajiye sura, gashin ƙafar ƙwaro ma za ka gani, amma abin da ke ciki ba ya ajiyewa yadda ido ke zato.

Ɗan Funtuwa:
To in ba tsohuwa ba ce daga ina ta fito? Ai Malama ta ce sun wanke

Yaron Lab:
Yaya duk wanda ya taɓa aiki a lab ya san Bacillus. Tana cikin ƙura, tana jikin riga, tana cikin iska, kuma ita ce ta fi kowa jure maganin wanki saboda dalilin da Malama ta gama bayani. Guda ɗaya tak ta isa. Ni na sha barin farantin renon ƙwayoyi da na rantse na rufe shi da kyau, in dawo da safe in tarar baƙuwa ta yi gida. Kuma amba ba gilas ba ne, yana da ƙananan tsaguwa da ido ba ya gani, ya kwana miliyoyin shekaru a ƙasa mai jiƙa, wata ƙwaya za ta iya shiga shekara 500 da suka wuce ta kwanta, ka wanke baya iya wankewa tana ciki, kuma in ka tayar da ita ba ƙarya ka yi ba da ka ce daga ciki ta fito.

Malamar Bayoloji:
A yi wa mutumin adalci dai. Ya ajiye farantan gwaji da ba a sa komai ba kuma ba su tsiro ba, jerin DNA ɗin ƙwayar bai zo daidai da na B. sphaericus da aka sani ba, kuma ƙudan zuman yau marasa harbi suna ɗauke da Bacillus a cikinsu, wato abin da ya samu shine abin da ya kamata a samu a wurin.

Yaron Lab:
Bambancin jeri ba ya nuna tsufa Malama, yawancin bakteriyar da ke cikin ƙasa ba a taɓa rubuta su a kundi ba balle a 1995, in ka ga baƙuwar fuska ba shi ke nuna daga zamanin da ta zo ba. Ga misali daga gidan Cano ɗin. A 1998 suka ba wata suna Staphylococcus succinus, wai daga amban Dominika, ita ko sifo ma ba ta yi. Ba a jima ba aka riƙa samunta a cuku da tsiran alade na Turai. Haka ta gishiri, Russell Vreeland a 2000 ya ce ya tayar da Bacillus mai shekara miliyan 250 daga ɗigon ruwa a cikin ƙwayar gishiri da aka tono kusa da Carlsbad a New Mexico, fiye da mita 500 a ƙasa, aka duba aka ga kusan tagwaye suke da wata da ke Tekun Gishiri na Jodan a yau. Shekara miliyan 250 dangi ba su canza ba? Kuma dai babban abin, a kimiyya in ka yi iƙirari irin wannan sai wani lab daban ya karɓi rabin samfurin ya maimaita ya samu abu ɗaya.

Sarkin Gardama:
Yaron nan ni dai na nada ka waziri

Malam Ƙarami:
Ni abin da ya zo min a rai Ashabul Kahfi ne, shekara 309 suna barci Allah ya tashe su. Wanda ya yi wannan ai ba zai gagare shi ba ya raya ƙwayar da ido ba ya gani.

Baba na Kurmi:
Babu mai ja da ikon Allah ɗana. Amma wancan aya ce da ta zo a Littafi, wannan kuwa wani Bature ne ya ce ya gani a kwalba, in gobe aka ce kuskure ya yi kar ka zo ka jingina imaninka da shi. A bar kowanne a wurinsa.

Malam Ƙarami:
Gaskiya ne Baba, Allah ya ƙara girma.

Likitan Dabbobi:
Ina ta karantawa ina dariya, kuna faɗa a kan miliyan, mu shekara 50 ɗin ma ta ishe mu bala'i. Ciwon saifa da ke kashe shanu Bacillus anthracis ce, 'yar gidan su wadda kuke magana. Saniya tana kiwo lafiya da safe, da yamma a tarar ta faɗi, jini baƙi yana fita ta hanci da baki da dubura kuma ba ya daskarewa. In aka bar gawar a rufe yawancin ƙwayoyin suna mutuwa da ruɓewarta, amma da zarar an sa wuƙa an feɗe iska ta shiga sai su koma sifo su zube a ƙasa, wurin ya zama tarko, makiyaya sun san irin wuraren nan, za su ce maka kar a kai shanu fadama kaza. Shi yasa muke roƙo kar a feɗe, kar a ja ta a ƙasa, a ƙona ko a binne da zurfi, a kira mu. Kun tuna 2023, ya ɓulla a arewacin Ghana, gwamnatin Najeriya ta yi ta gargaɗi a kan cin ganda, a watan Yuli aka tabbatar da shi a wata gona a Gajiri kusa da Suleja.

Misalan da ba gardama a kansu suna nan. Tsibirin Gruinard a Sikotlan, sojojin Ingila suka gwada makamin saifa a kan tumaki a 1942, tsibirin ya zauna a rufe, sai a 1986 aka yi masa wanka da tan 280 na fomalin, wani maganin kashe ƙwayoyi, haɗe da ruwan teku, a 1990 aka ce an iya shiga. A Yamal ta Rasha a 2016 zafi ya kai digiri 35, daskararriyar ƙasa ta narke, saifa ta tashi bayan shekara 75 ba a gan ta ba a yankin, barewar ƙanƙara sama da 2,000 suka mutu da yaro ɗan shekara 12. A gandun Kruger na Afirka ta Kudu an samu masu rai a ƙasusuwan da aka auna suka kai kusan shekara 200.

Ummu Yasir:
Innalillahi. Likita to wannan ta cikin ƙaron in da gaske ce ba za ta kawo mana wata annobar ba? Mutane su yi ta tono abin da Allah ya binne

Likitan Dabbobi:
Hajiya kwantar da hankalinki, B. sphaericus ba mutum take kamawa ba, wasu irinta ma 'ya'yan sauro suke kashewa, har ana zuba su a kwatami da gangan don haka. Ki fi jin tsoron naman da aka ce saniyar ta faɗi aka yi sauri aka yanka ana sayarwa da araha. Da kuma ƙusa a ƙasa, don ciwon tetanus mai sarƙe haƙora shi ma sifo ne ke kwance a turɓaya da kashin dabbobi yana jiran rauni.

Malamar Bayoloji:
Kuma kar a tsani dangin gaba ɗaya. Ummu Yasir in kina sa daddawa a miya to Bacillus subtilis kike ci kullum. Kalwa ana dafa ta awanni, yawancin ƙwayoyi su mutu, a rufe ta da ɗumi, ita mai sifo ita ke fara mamaye wurin daga ƙwarya da ganye da abin rufin, ta narkar da furotin ɗin, warin nan da yauƙin aikinta ne.

Ummu Yasir:
Kai Malama kin ɓata min miyar kuka yau wlh

Injiniya Mai Dutse:
Waziri ina da tambaya gare ka. A 2020 Yuki Morono na Japan ya fitar da cewa sun tayar da ƙwayoyi daga lakar ƙarƙashin tekun Fasifik ta kudu mai shekara miliyan 101.5, suka ba su abinci suka ci suka ninka. Wannan ma gurɓata ce?

Yaron Lab:
Wannan daban ne Injiniya, kuma ya fi shiga hankalina. Na farko ba ƙwaya ɗaya ce ta tsiro a faranti ba, masu yawa ne, kuma abincin da aka ba su an yi masa alama aka ga alamar a jikinsu. Na biyu yawancinsu ba masu sifo ba ne, kuma akwai iskar oksijin a lakar har ƙasa, wato su gaiwar Ɗan Maraɗi ne, fitila a rage ba a kashe ba, suna ɗan numfashi suna faci. Lakar ce ta shekara miliyan 101, ba dole ne a ce ƙwaya ɗaya ce ta zauna tun ranar ba. Irin haka aka gani a daskararriyar ƙasa a 2007, samfurin shekara rabin miliyan, waɗanda DNA ɗinsu ya fi zama lafiya masu gyara a hankali ne, ba masu barcin sifo ba. To a cikin ƙaro babu iska babu ruwa babu abinci, hanyar nan a toshe take.

Ɗan Maraɗi:
To ashe gaiwata ta yi rana

Malamar Bayoloji:
Ta yi. Ni matsayina dai, ɗaruruwan shekaru tabbas, dubbai akwai hujjoji masu kyau, miliyoyi a cikin amba ban ce ƙarya ba ne amma ba zan koyar da shi a aji a matsayin abin da aka tabbatar ba. Abin da ke ba ni haushi shine yadda ake yawo da labarin kaman an gama magana, ba a taɓa haɗawa da abin da ya biyo baya. Masana ma sun gaji da jayayya a kan samfurin da ba wanda ya ga ranar da aka rufe shi, shi yasa a 2014 Charles Cockell na jami'ar Edinbura da Ralf Möller na hukumar sararin samaniyar Jamus suka busar da B. subtilis da wata ƙwayar suka rufe a ƙananan kwalabe 800, ana buɗe wasu duk shekara 2 har shekara 24, daga nan duk shekara 25, za a gama a 2514. Har sun bar wasiyya a riƙa sake kwafe takardar bayanin don kar yaren ya tsufa a kasa karantawa.

Sarkin Gardama:
2514?? To a turo min sakamakon ta WhatsApp

Ɗan Funtuwa:
To yanzu ni me zan ce wa abokin nawa, ni na ci ko shi?

Yaron Lab:
Ka ce masa an yi gwajin, an buga, ba a maimaita ba.

Malamar Bayoloji:
Ka ƙara da cewa ba a kuma nuna ainihin inda gurɓatar ta shiga ba.

Yaron Lab:
Malama ai ba aikin mai shakka ba ne ya nuna

Malamar Bayoloji:
Za mu haɗu ranar da za ka kare kundin bincikenka

Baba na Kurmi:
Ku dakata da faɗan. Injiniya, akwai wani yaro da ke kawo mana carbi da duwatsu masu kunama a ciki yana cewa kahraman ne na asali, ya ake gane na gaske?

Injiniya Mai Dutse:
Baba in ka ga kunama ƙatuwa ta miƙe tsaf a tsakiya kaman an ɗauke ta hoto, roba ce aka zuba mata. Ƙwaron gaske yawanci ƙanana ne, a karkace, da datti da kumfa kewaye da su, kuma kunama a amba abu ne mai wuyar samu da tsadar gaske, ba za ta zo Kurmi a leda ba. Ka narka gishiri a kofin ruwa har ya ƙi narkewa ka jefa ƙwayar da ba ta da zare ko ƙarfe, amba yana tasowa, gilas da yawancin roba suna nutsewa. Ka ɗora allura mai zafi a wurin da ba ya nunawa, na gaske ƙamshin ƙaro yake yi, roba kuwa ka san warinta. Kofal shi ma yana tasowa kuma yana ƙamshi, shi sai ka ɗiga masa abin goge farce, in ya yi danƙo to bai nuna ba. Yawancin na gaske da ke kasuwa daga Kaliningrad ta Rasha yake fitowa, bakin tekun Baltik.

Baba na Kurmi:
To bari ya zo ranar Laraba, gishiri ba ya tsada.